Wa Ake Ba Makirufo a Fim ɗin Tarihin Kiɗan Rock?

Shawarar da ta fi yawa a tattaunawarmu da masu shirya fina-finan tarihin kiɗan rock ita ce a daina soma labari daga Elvis Presley, shahararren mawaƙin rock farar fata na Amurka. Big Mama Thornton, mawaƙiya baƙar fata, ita ce ta fara rera waƙar "Hound Dog", aka fitar da ita a 1953, shekara uku kafin Elvis ya fitar da tasa. Ga kuma Sister Rosetta Tharpe, baƙar fatar Amurka: a 1964 ta tsaya a wata tsohuwar tashar jirgin ƙasa a Manchester, an sha ruwan sama, tana sanye da doguwar kwat, tana kaɗa gitar lantarki. Amma sai a 2018 aka shigar da ita Rock and Roll Hall of Fame, zauren karrama gwarazan kiɗan rock. Wannan jinkiri ya dame ni ƙwarai.

Wasu suka ce nuna hoton irin waɗannan mata na daƙiƙa goma bai wadatar ba. A zauna da mata 'yan amshi da makaɗan bayan fage, a bar su su yi magana da bakinsu, a kuma biya su haƙƙinsu. Ɗakin tace hoto ma a dama da su, domin a can ake cire mutum daga fim.

An kuma tunatar da cewa a leƙa Agadas, inda gitar Abzinawa irin ta Mdou Moctar ke tashe.