Ranar da aka ce muku jirgi ba zai sauka Damagaram ba saboda yanayi

Ɗan Birni:
Salamu alaikum jama'a. Don Allah duk wanda ya taɓa zama a filin jirgin Zinder yana jira aka ce masa meteo ta hana, ya zo ya ba mu labari. Ni abin da ke damuna shi ne sai ka ɗaga kai ka ga rana ta fito, babu hadari babu ruwa, amma a ce ba za a sauka ba. Satin da ya wuce haka ta same ni da mahaifiyata, likita na jiranmu a Yamai, ƙarshenta mota muka shiga kusan kilomita 900 da marar lafiya. Me suke gani a takardar meteo ɗin nan da mu ba mu gani?

Tsohon meteo:
Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya ba Hajiya lafiya. Na yi aikin duba yanayi har na yi ritaya, kuma lokacin hunturu shi ne ya fi ba mu wahala ba damina ba. Takardar da kake magana sunanta METAR, layi ɗaya ce tak. Ga irin wadda muke rubutawa a watan Janairu: DRZR 120900Z 06014KT 1200 DU 19/M02 Q1017. DRZR mu ne Zinder, Yamai kuma DRRN. 120900Z ranar 12 ga wata ƙarfe 9 agogon duniya, a nan ƙarfe 10 kenan tunda mun fi su da awa ɗaya. 06014KT iska ce daga arewa maso gabas, gudunta not 14, wajen kilomita 26 a awa. To wurin da ya hana ku tafiya shi ne 1200 DU ɗin nan, ido ba ya wuce mita 1200 saboda ƙura. Ran da gari ya yi garau 9999 ake sawa, kilomita 10 ko fiye. Kuma ba ƙiyasi muke yi da ka ba, muna da alamomi da muka san nisan kowanne, wani gini, wani dutse, eriya, sai in fita in tsaya in ga wanne nake iya hange wanne buji ya cinye. Akwai safiyar da na fita ko katangar filin ban gani ba alhali rana na sama fara fat kamar faranti.

Hajiya ta Zango:
Baba ni fa ban gamsu ba. Da kunnena na ji ƙarar jirgin a bisa kanmu, ya zagaya ya sake zagayawa sannan ya tafi abinsa, ƙanena na ciki ya ce shi ta taga yana ganin rufin gidaje sarai har duwatsun Birni. In fasinja na ganin ƙasa ya za a ce direban jirgi bai gani?

Matuƙi ƙarami:
Hajiya gaskiya ƙanenki ya faɗa, ni ma na sha ganin haka daga gaba. In kana sama ka dubi ƙasa tsaye ƙurar da idonka ke ratsawa ba ta da kauri, komai na bayyana. Amma da ka fara gangarowa dubanka ya koma gaba a karkace, sai ka ratsa ƙura mai nisan gaske, garin da kake gani yanzu ya ɓace, in kuma rana na fuskarka abin ya ƙara lalacewa. Kowace hanyar sauka tana da tsayin da in ka kai shi ba ka ga titin jirgi ko fitilunsa ba dole ka ƙara wuta ka hau, ba a jayayya a nan. Sannan ga mai, tun kafin ka tashi an lissafa na zuwa da na wani filin da za ka koma in an ƙi, ba za ka yi ta kewaya kana ƙona shi ba. Na taɓa juyawa da mutane a baya suna ta magana, raina bai so ba wallahi don na san akwai mai uzuri a ciki, amma allurar mai nake kallo.

Direban projet:
Ni aikina ɗauko baƙi ne, tun da wani ma'aikacin filin ya nuna min yadda ake duba abin a waya na daina zaman banza. Ina sa DRZR in duba lambar nan mai huɗu kafin in tada mota. Abin da har yanzu yake rikita ni TEMPO ne.

Tsohon meteo:
Wannan a TAF ka gan shi, ita hasashe ce ta awoyin da ke tafe, METAR kuwa abin da ake ciki yanzu. TEMPO abu ne mai zuwa ya wuce, kowane zuwa bai kai awa ɗaya, BECMG kuma yanayi ne zai canza ya zauna haka. PROB30 kashi 30 cikin ɗari. Kuma ƙurar nan ba a nan take tashi ba, yawancinta daga kwarin Bodele ne a arewacin Cadi, shi ya sa masu hasashe ke sa ido kan rahoton Faya Larjo da Bilma da Ngigmi, in can ya rufe yau iska na da ƙarfi to mu shirya gobe ko jibi. Yaran da ake koyarwa a EAMAC ta Yamai, makarantar koyon aikin yanayi da na jiragen sama ta ASECNA, hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama, da wannan suke fara sanin hunturu.

Maman Sabon Gari:
Mu namu a damina ne, Agusta. Mun shiga jirgi har an rufe ƙofa sai aka ce mu sauko, fita muka yi muka ga gabas ta yi ja sannan baƙi ƙirin, kafin mu kai ɗakin jira iska ta taso da rairayi tana dukan gilashi, sai ruwa. Bayan kamar awa biyu muka tashi lafiya lau. Ni ranar ban yi ƙorafi ba ko kaɗan.

Matuƙi ƙarami:
Shi ne TS da CB a takarda Mama, tsawa da gajimaren hadari, hadarin ƙasar nan daga gabas yake zuwa kuma iskar da ke gabansa ita ce mugunyar, tana juyawa farat ɗaya lokacin da jirgi ke kusa da ƙasa. Na ƙara da bazara tunda ba wanda ya ambata. In zafi ya haura 40 iska ta yi sako-sako, inji da fikafikai ba su samun abin riƙo kamar da safe, shi ya sa wani lokaci ake rage kaya ko a ce a tashi da sassafe, mutane su ɗauka wulaƙanci ne.

Ɗan Birni:
Na gode Baba, na gode kowa. Muna da komawa asibiti a Fabrairu, yaushe ya kamata in fara duba TAF ɗin?

Tsohon meteo:
Daren jajibirin tafiya ka duba, ka sake dubawa bayan sallar asuba, na Zinder da na Yamai duka biyu. In ka ga DU da lamba ƙarama an sa BECMG ba TEMPO ba, ka kira mai mota tun da wuri kada Hajiya ta wuni a benci.