Tambaya kan jadawalin darussa na wata sakandare ta ƙage a Maradi

Marubuciya daga Bagalam:

Assalamu alaikum, malamaina. Ina rubuta labari wanda ya gudana a wata ƙaramar sakandare (CEG) da na ƙago a gefen garin Maradi, kuma ina son duk malamin da ya karanta ya yarda cewa irin wannan makaranta za ta iya kasancewa. Na ba ta azuzuwa 12: sizyam (shekarar farko) huɗu, sankiyam uku, katiriyam uku, da turwaziyam (shekarar ƙarshe) biyu masu shirin BEPC, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare. Ɗakunan karatu 10 ne, malamai 14, kuma na ɗauka kowane aji yana da awa 28 a mako. Shin wannan adadin malamai ya isa, kuma ta ina darakta yake farawa idan zai tsara jadawali?

Tsohon darakta, Sabon Gari:

Wa alaikumus salam, Malama. Yadda kika rage azuzuwan daga huɗu zuwa biyu ya yi daidai da abin da muka saba gani, domin ɗalibai suna raguwa ne yayin da ake hawa sama. Game da lissafi kuwa, azuzuwa 12 sau awa 28 sun ba da awa 336 a mako, waɗanda idan aka raba wa malamai 14 kowa zai tashi da awa 24. Idan kina son kowa ya tsaya kusa da awa 20, to malamai 17 kike bukata.

Sai dai wannan rabon a takarda kawai yake tsayawa, domin malamin Faransanci ba zai shiga ajin lissafi don ya cike giɓi ba. Mu ɗauka kin ba lissafi awa 5 a kowane aji: awa 60 ke nan, aikin mutum uku. Idan malaman lissafi biyu ne a makarantar, kowannensu zai ɗauki awa 30, alhali wani abokin aikinsu bai kai 18 ba, kuma daga nan ne gunaguni yake tashi a ɗakin malamai. Saboda haka darakta mai hankali yana fara zana sa'o'in malaman da suka yi ƙaranci, wato na lissafi da na kimiyya, ya ba ƴan turwaziyam safiya, sannan ya jera sauran darussa a guraben da suka rage.

Ɗakuna 10 ga azuzuwa 12 kuma na nufin ko dai azuzuwa biyu su riƙa yawo suna shiga ɗakin waɗanda suka fita motsa jiki, ko a kafa musu rumfunan zana. Idan rumfa kika zaɓa, ki tuna cewa ana buɗe makarantu ne a watan Oktoba, kara kuwa sai an gama girbin hatsi yake samuwa, don haka waɗannan azuzuwa sukan fara karatu a makare.

Malamar tarihi da labarin ƙasa:

Da izinin Baba Darakta, zan ƙara abin da ƙidayar awa take ɓoyewa. Malamin lissafi mai awa 20 azuzuwa huɗu yake riƙe da su, kuma idan kowane aji yana da ɗalibai 70, takardu 280 zai duba a kowane gwaji. Malamar da darasinta awa 3 ne a mako sai ta riƙe azuzuwa bakwai kafin ta kai awa 21, wato takardu 490, ga sunaye da fuskokin da ba za ta taɓa haddacewa ba, ga cike maki a ƙarshen zango. A jadawali su biyun sun yi kusan daidai, amma a gida, bayan sallar isha'i, aikin nasu ba ɗaya ba ne. A ganina duk labarin da ya nuna malami ya tashi daga makaranta hannu rabbana, ba tare da tulin takardu a bayan babur ba, bai faɗi gaskiya ba.

Mai kula da ɗalibai, unguwar Zariya a Maradi:

Malama, ki kuma yi la'akari da gari da yanayinsa. Idan ana shiga ƙarfe 8 a tashi ƙarfe 1 daga Litinin zuwa Juma'a, awa 25 kawai aka samu, kuma ta ƙarshe a ranar Juma'a tana cin karo da shirin masallaci, saboda haka ragowar sai a kai su yamma ko safiyar Asabar. Motsa jiki ba ya yiwuwa da tsakar rana a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi yake haura digiri 40. Litinin da Juma'a ne ranakun babbar kasuwar Maradi, kuma yaran da suke taya iyayensu saye da sayarwa sukan makara ko su yi fashi, don haka ban cika son a sa gwaji da sassafe a ranakun nan ba. Azumi ma yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, sai ki duba a wane wata ya faɗo a shekarar labarinki.

Marubuciya daga Bagalam:

Allah ya ƙara sani, ya saka da alheri. Zan bar malaman a 14, biyu kawai na lissafi, in mayar da azuzuwan sizyam biyu cikin rumfa. Baba Darakta, idan ɗaya daga cikin malaman lissafin ɗan kwantiragi ne da yake koyarwa a makarantar kuɗi da yamma, waɗanne sa'o'i ne za ka fara kulle masa?