Ƙara a rediyon sikana cikin mota: kowa ya faɗi abin da ya gwada

Mai tambaya, Yamai:
Salamu alaikum, manya. Sikana ce, wato rediyon da ke laluben tashoshi da kanta, a Hilux, tana shan wuta daga ramin kunna sigari. Inji a kashe murya tas take fita, da an tayar sai fito ya rufe ta, musamman tsakanin 118 da 137 MHz. Daga ina za a fara?

Mai gyaran rediyo, Katako:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, kar ka sayi komai tukuna, nemo ƙofar da ƙarar ke shigowa. Tayar da inji, ka cire eriya. In ƙarar ta tsaya, ta iska take zuwa; in tana nan, ta wayar wuta ce. Sake gwadawa da batirin cikin sikanar, ba tare da wutar mota ba. Sannan ka saurari irin kukan. Fito mai hawa da sauka tare da totur na altanata ne. Ƙas-ƙas mai ƙara sauri in an taka, ya yanke da zarar an kashe mabuɗi, na buji ne, kuma sai a motar esans. Gunjin da ke tashi na daƙiƙa 2 ko 3 da zarar an murɗa mabuɗi, kafin inji ya tashi, famfon mai ne. Zangon 118 zuwa 137 MHz na jiragen sama ne, kuma AM ne, shi ya sa ya fi 144 MHz na FM kwasar datti.

Mai wutar mota, Tahoua:
Gaskiyar Malam. In fito ne, auna altanata kafin a ɗora wa waya laifi. Sa mita a kan AC, ɗora a kawunan batir, inji na tafiya, fitilu a kunne. In ta kai rabin volt, diyod ɗaya ta cikin altanata ta mutu, kuma babu mataci, wato abin tace ƙara daga wuta, da zai ɓoye wannan. In lafiya take, rabu da ramin sigari, domin layinsa ya haɗu da na wasu kayan wutar mota. Ja waya mai kaurin 1.5 mm² kai tsaye daga batir, fizibil na amfiya 2 a cikin santimita 15 daga kan batir ɗin. A murɗe jar waya da baƙa tare kamar igiya, a bi da su nesa da wayoyin buji da ta altanata, inda suka ratsa ƙarfe kuma a sa roba. Hanyar Tahoua zuwa Agadez tana cinye fatar waya cikin ƴan tafiye-tafiye.

Direban gazuwal, Yamai:
Maigida, a kan baƙar waya ina da magana. Sababbin motoci suna da ma'aunin wuta a kan mas ɗin batir, wato kan da baƙar waya ke kamawa. In ka ɗaura a kan batir ɗin kansa ka tsallake shi, kwamfutar mota ta rikice wajen lissafin caji. A ɗaura ta inda babbar wayar mas ta kama jikin mota, a kankare fenti har ƙarfe ya fito.

Mai gyaran rediyo, Katako:
Haka ne. Ga mataci ga wanda fito bai bari ba. Nemo zoben nan mai launin rawaya da fari daga akwatin wutar tsohuwar kwamfuta, babban cikinsu. Naɗa masa wayar tagulla ta milimita 1 zagaye 40, ka sa shi a kan jar waya. Bayansa, ta gefen sikana, kondansata 4700 µF mai volt 25 tsakanin ja da baƙa, da ƙaramar 100 nF kusa da ita. Lura da ƙafar da aka yi wa alama, in ta juya fashewa take yi. Ɗauki mai rubutun 105°C. Mai 85°C ba ta daɗewa a motar da ke wuni a rana cikin Afrilu da Mayu. Abin da ke ɓata mini rai shi ne a sayar wa mutum ferit, zoben nan da ake matsewa a kan waya, da sunan maganin fito. Fiton altanata wajen hertz 1000 yake in inji na zaune, ferit kuwa sai a megahertz take aiki. Amfaninta a kan wayar caja ne, kuma a zagaya wayar sau 3 ko 4 a cikinta, ba sau ɗaya ba.

Mai babbar mota, Ƙonni:
Kun manta da caja. Shuu ɗin da ba ya bin totur, sau da yawa ƙaramar cajar wayar salula ce ko ƙwan fitila na LED. A cire su ɗaya bayan ɗaya ana saurare. Mu masu volt 24, akwatin sauke wuta zuwa 12 shi ma yana yi. A sa mataci bayansa, kuma kar a ja daga batir ɗaya, zai mutu ya bar ɗan'uwansa.

Mai wutar mota, Tahoua:
In ta eriya ce, a mayar da ita tsakiyar rufi, a share ƙurar da ke ƙarƙashin maganaɗisu. A haɗa murfin inji da jikin mota da saƙaƙƙiyar tagulla mai faɗi, gajera, a gefen kowane maɗauri, haka ma bututun hayaƙi. Motar esans a sa mata buji mai harafin R, irin na NGK. Wanda kuma ya haɗa sikana da rediyon mota ta AUX fito ya dawo, mas biyu ne suka yi zobe. Ƙaramin taransifoma 1:1 a kan wayar sauti yana yanke shi.

Mai tambaya, Yamai:
Na gode, manya. Na cire eriya fito na nan, mita ta nuna 0.7 a AC. Gobe altanata zan kai.