Neman Kalmar Hausa: Riƙon Amana Ko Bahasin Amana?

Assalamu alaikum, malamaina da 'yan uwa masu aikin fassara. Ina cikin fassara wani bayani a kan siyasar ƙasar Ayalan sai kalmar Turanci ta accountability ta tsaya mini a maƙogwaro, domin duk inda na sa mata "riƙon amana", kamar yadda muka saba yi a rediyo da jaridu, sai in ga ma'anar jimlar ta kauce. Ina so in kawo muku abin da ya faru a ƙasar, mu gwada kalmominmu a kansa.

A zaɓen 2011 jam'iyyar Leba ta 'yan ƙwadago ta sami kujeru 37 cikin 166 na majalisar wakilai da ake kira Dáil, wanda shi ne mafi yawa a tarihinta, ta kuma shiga gwamnatin haɗaka da jam'iyyar Fine Gael mai kujeru 76. A lokacin ƙasar tana ƙarƙashin sharuɗɗan bashin da Tarayyar Turai da Asusun Lamuni na Duniya suka ba ta a ƙarshen 2010. Yayin yaƙin neman zaɓe Leba ta gargaɗi jama'a cewa idan Fine Gael ta yi mulki ita kaɗai za ta sa kuɗin ruwan famfo, ta rage tallafin yara, ta ƙara harajin kayan masarufi. Sai ga shi an aiwatar da dukkan ukun alhali ministocin Leba suna zaune a majalisar zartarwa. A zaɓen 2016 kujerunta suka koma 7.

To, a nan ne "riƙon amana" ya gaza mini. Magoya bayan Leba ba su zargi shugabanninsu da cin dukiyar jama'a ba, kuma su shugabannin suna da bakin cewa sun riƙe amanar ƙasa, tunda a hannunsu aka fita daga shirin bashin a Disamban 2013. Ƙorafin shi ne an yi alkawari, an yi akasinsa, sannan da aka nemi bayani sai aka fake da cewa haɗaka ce ta tilasta. Riƙon amana hali ne da ke cikin zuciyar mutum, kuma mutum yana iya kasancewa mai amana ko da ba wanda ya taɓa tsayar da shi ya tambaye shi. Kalmar da muke nema kuwa tsari take nufi: akwai mai haƙƙin tambaya, akwai wanda amsawa ta wajaba a kansa, akwai kuma abin da zai biyo baya idan amsar ba ta gamsar ba.

Na gwada "ɗaukar alhaki", amma wannan ya fi dacewa da wanda ya amsa cewa abin a wuyansa yake, kamar yadda shugaban Leba, Eamon Gilmore, ya sauka bayan kayen zaɓen ƙananan hukumomi da na Turai a 2014. "Bin diddigi" kuma aikin mai tambaya ne, ba nauyin wanda ake tambaya ba.

"Hisabi" ya fi jan hankalina, domin ya haɗa lissafi da sakamako, kuma babu mai jin Hausa da zai ji shi ya ɗauke shi da wasa. Sai dai kalma ce da ta fi karkata ga ranar Lahira, kuma hisabi a ƙarshe ake yin sa, sau ɗaya. Ya dace da abin da ya sami jam'iyyar Green ta masu rajin kare muhalli, wadda ta rasa dukkan kujerunta 6 a 2011 bayan haɗaka da jam'iyyar Fianna Fáil, ta dawo da 12 a 2020, ta sake shiga gwamnati, sannan ta tsira da kujera ɗaya tak a 2024. Wannan ina ganin a kira shi "hisabin ƙuri'a" ba laifi. Amma bai ɗauki tambayoyin da shugaban gwamnati yake amsawa a zauren Dáil kowane mako ba, balle zaman kwamitin binciken kuɗin gwamnati.

Abin da ya buɗe mini hanya shi ne harshen ƙasar na asali. Sashe na 28 na kundin tsarin mulkinsu na 1937 ya ce gwamnati freagrach ce ga Dáil, kuma tushen kalmar shi ne freagra, wato amsa. Ashe su ma daga amsawa suka gina ma'anar. Mu kuwa muna da "ba da bahasi", wanda yake nufin mutum ya tsaya gaban mai iko da tambaya ya fayyace yadda aka yi. Na san raunin kalmar, domin tana da ƙamshin ofishin 'yan sanda da kotu, har mai sauraro ya zaci an riga an kama mutum da laifi. Shi ya sa nake ba da shawarar "bahasin amana", wato bayanin da ya wajaba a kan duk wanda aka damƙa wa wani abu, ko ya yi daidai ko ya yi kuskure.

Mu gwada shi da rikicin Nuwamban 1994. Shugaban gwamnati Albert Reynolds ya dage sai an naɗa babban lauyan gwamnati, Harry Whelehan, shugaban Babbar Kotu, alhali ofishin lauyan ya yi jinkirin watanni wajen miƙa wani limamin coci da ake nema a Arewacin Ayalan kan cin zarafin yara. Leba, wadda take cikin gwamnatin haɗakar lokacin ƙarƙashin shugabanta Dick Spring, ta fice daga gwamnati, Reynolds ya yi murabus. Idan na rubuta "Leba ta fice saboda rashin riƙon amana", mai karatu zai fara neman kuɗin da suka ɓace. Idan na rubuta "saboda an ƙi ba majalisa cikakken bahasin amana", ya fahimci lamarin nan take.

Akwai wata fa'ida da nahawunmu ya ba mu kyauta, wadda ita ta fi burge ni. "Ba da" yana neman wanda aka ba, don haka duk mai amfani da kalmar sai tambayar "ga wa?" ta taso masa, kuma wannan tambayar ita ce cibiyar ɓacin ran masu ra'ayin hagu, irin su Leba da Green, a duk haɗakar da suka shiga a Ayalan. Sashe na 28 ya ɗora wa ministoci alhakin tarayya, wato minista ba shi da damar cewa shi bai yarda da matakin da majalisar zartarwa ta ɗauka ba matuƙar yana kan kujerarsa. A Maris na 2023 'yar majalisa Neasa Hourigan ta Green ta ƙi bin gwamnatinta a ƙuri'ar ɗage haramcin korar 'yan haya, jam'iyyar ta dakatar da ita na wata 15. Ita tana ganin bahasinta na 'yan hayan mazaɓarta a Dublin ne, jam'iyyar kuma tana ganin nata na yarjejeniyar haɗakar da ta sa wa hannu ne. "Riƙon amana" ba zai nuna wannan saɓanin ba, domin kowane ɓangare zai rantse shi ne mai amana.

Na riga na sa "bahasin amana" a fassarar tawa, kuma inda ake nufin tsarin gaba ɗaya na rubuta "wajibcin bahasin amana". Abin da nake roƙo a wurin malamaina shi ne a daidaita mana rubutun, tunda wasu "bahasi" suke rubutawa wasu kuma "ba'asi". Ina kuma son jin ta bakin 'yan uwanmu na Damagaram da Maraɗi, waɗanda suke fama da redevabilité, takwararta ta Faransanci, ko wannan kalmar za ta zauna a kunnen masu sauraronsu.