Don Allah masu amfani da Koha ku taimaka min, na maƙale

Salamu alaikum 'yan uwa. Ina aiki a wani ƙaramin laburare na jama'a nan Kaduna, wajen Tudun Wada, kuma da manhajar Koha muke tafiyar da kundin littattafanmu a intanet. Oga ne ya ce yana so masu karatu su riƙa liƙa wa littafi kalmar da suka ga ta dace da shi, kamar soyayya ko tarihi ko fiƙihu, su kuma ba shi taurari, don wanda ya zo daga baya ya san me zai ara.

To na kunna TagsEnabled da TagsModeration, wato saitunan da ke ba da damar liƙa kalmomin da kuma tantance su, taurarin ma suna aiki lafiya lau. Matsalar ita ce rubutun Hausa. Wani ya rubuta ƙasa, wani kasa, wani k'asa saboda wayarsa ba ta da ƙ mai lanƙwasa, sai manhajar ta ɗauke su kalmomi 3 daban, ga shi kasa ɗin ma ma'anarta daban ce, ni kaɗai nake zaman tantancewa ɗaya bayan ɗaya kuma wallahi rabin lokaci ba wuta.

Akwai hanyar haɗe su wuri guda ba sai na taɓa rumbun bayanan ba? Tsoro nake kar in ɓata komai.

Sannan shawarar nan ta "waɗanda suka karanta wannan sun karanta wancan", na ga Koha na haɗuwa da LibraryThing, wani shafin intanet na littattafai da ke ba da irin wannan shawarar, amma littattafanmu na Hausa da yawa ko lambar shaidar littafi ta ISBN ba su da ita, 'yan kasuwa ne suka buga. Wanda ya taɓa gwadawa da irinsu, ya ya kaya?