Taƙaitawa kan ƙarfin damƙar hannu wajen dattawanmu

Ga abin da na tattara daga doguwar tattaunawar da 'yan'uwa na Garwa da Marwa a Kamaru, da Njamena a Chadi, suka yi.

1. Kusan kowa ya yarda cewa raunin damƙa yakan fara bayyana ne a ƙananan ayyuka, kamar ɗaukar butar alwala, matse wanki, jan guga a rijiya, ko dafa sanda wajen miƙewa daga tabarma. Wannan na ƙarshe ya fi damuna, domin a nan tsoho yakan faɗi.

2. Ma'aikatan lafiya sun ce ma'aunin Turai na 2019 yana ɗaukar ƙarfin damƙar da ke ƙasa da kilo 27 ga namiji da ƙasa da kilo 16 ga mace a matsayin rauni. A nan ra'ayi ya rabu, inda wasu suka ce dattijuwar da ta tsufa tana daka gero ba za a auna ta da ma'aunin Baturiya ba, wasu kuma suka ce ciwon sukari da amosanin gaɓɓai ba su ƙyale ɗan birni ko ɗan ƙauye ba.

3. An haɗu kan atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a mako, bisa shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya, tare da cin wake, gyaɗa, kifi da nono.

4. Idan hannu ɗaya ya mutu farat ɗaya, a garzaya asibiti, domin yana iya zama shanyewar ɓarin jiki.