Garambawul ɗin farfelar gilaida mai inji: ina kuɗin ke tafiya?

Mai_Shawagi:
Assalamu alaikum. Jirgin ƙungiya ne a Jamus, Grob G109B, gilaida mai inji (jirgin da ke iya shawagi ko an kashe inji), da farfelar Hoffmann HO-V62R mai matsayi uku: na tashi, na tafiya, da na kwantar da fukafukanta idan an kashe inji. Wa'adinta na shekaru ya cika, amma awannin da ta yi aiki kaɗan ne. Masu gyara sun faɗi farashin aiki, suka ce sauran sai an buɗe. Mene ne wannan "sauran"? Kuma yaushe sayen sabuwa ya fi?

Injiniya_Tsoho:
Wa alaikumus salam, Malam. Farashin da suka ba ka na aikin da ba makawa ne: kwance ta gaba ɗaya, wanke tsohon giris, cire fenti, binciken tsagewa a cibiyar da ke riƙe fukafukai (ruwan rini ga alminiyam, maganaɗisu ga sassan ƙarfe), sauya boris da robobi, sabon fenti, saita kusurwa, daidaita nauyi, sannan takardar EASA Form 1, shaidar gyara ta hukumar kula da lafiyar jiragen sama ta Turai. Wannan ba ya motsi sosai.

Abin da ke motsi fukafukan ne. Katako ne da aka manna falle-falle, matsattse mai nauyi a gindi, mara nauyi zuwa baki, an lulluɓe shi da faiba (zaren gilashi da aka manne), an ɗaure gindin cikin kwanon alminiyam da dogayen sukurori. Fenti ya tsage, ko ƙarfen kariyar gaba ya ɗaga, ruwa ya samu hanya. Katakon ya kumbura, ya bushe, ya sake kumbura, sukurorin su yi tsatsa a inda ido ba ya kaiwa. Idan lalacewar ta tsaya a faiba, sai a sake lulluɓewa, kuɗin da sauƙi. Idan ta kai gindi, fiffiken ya tafi ke nan. Kuma da wuya a sauya ɗaya kaɗai, domin dole nauyinsu ya zo daidai.

Ƙa'idata: in an kashe fukafukai biyu amma cibiya lafiya, a gyara. In an kashe cibiyar ma, nemi farashin sabuwa kafin ka ce a ci gaba. Tun farko ka sa su rubuta cewa za su tsaya bayan bincike su aiko da rahoto da hotuna, kuma ka tambayi nawa za ka biya idan ka fasa a nan.

Dimona36:
Ranka ya daɗe, a ƙara da abin da ba ya cikin takardar farashi. Kwancewa da mayarwa, da sa hannun mai lasisi. Akwatin katako da inshorar hanya zuwa Rosenheim, inda kamfanin Hoffmann mai ƙera farfelar yake. Harajin VAT na Jamus, kashi 19 cikin 100. Wanda ke Ingila kuma yana da kwastan a kansa. Ya cike takardar fitarwa don gyara, kada a caje shi kamar ya sayo sabuwa.

A HO-V62R sandunan sauya kusurwa da farantin da ke tura su suna cinyewa, musamman idan ana jan hannun sauya kusurwar a juyin injin da littafin jirgi bai yarda ba. Boris ɗin da ke ɓangaren inji ba ya bin farfela zuwa wurin gyara, sai a mance da shi, ta dawo sabuwa fil amma ta ƙi shiga matsayin tafiya.

Masu Super Dimona (wata gilaida mai inji) da farfelar MTV-21 ta kamfanin MT-Propeller lissafinsu daban ne: man inji ke juya kusurwa, don haka gwamna (na'urar daidaita juyin farfela) da tulun ajiye matsi kowanne da nasa kuɗin. Wa'adin MT na kalanda galibi wata 72 ne.

Mai_Shawagi:
Na gode. To tunda awannin kaɗan ne, ba za a iya ɗaga garambawul ɗin ba?

Injiniya_Tsoho:
Ta fuskar doka akwai ƙofa. Tun 24 ga Maris 2020 da Part-ML, dokar Turai ta kula da ƙananan jiragen sama, ta fara aiki, mai jirgin da ba na kasuwanci ba zai iya kauce wa wa'adin da kamfani ya ba da shawara, ya rubuta a tsarin kula da jirginsa, alhaki a wuyansa. Ban da abin da AD, umarnin tilas na hukumar jiragen sama, ya wajabta. A jirgin ƙungiya, fara tambayar wanda ke riƙe da tsarin, da kuma mai inshora.

Amma ƙarancin awanni ba hujja ba ce a wurina. Zama shi ke kashe farfela: giris ya daskare, ƙwayoyin boris su yi rami a wuri ɗaya. Kafin yanke shawara, ƙwanƙwasa fukafukan da kwabo, inda sauti ya mutu faiba ta rabu da katako. Kama bakin fiffike ka girgiza, ka auna da iyakar da littafi ya bayar. Cire hular gaba ka duba giris mai baƙi ko jan tsatsa a gindi. Ko ɗaya ya bayyana, a aika.

Dimona36:
Kuma a aika a watan Nuwamba, ba Maris ba, lokacin da kowa ke layi. Idan ta taɓa dukan ƙasa, a faɗa musu: a G109B farfela kan kiranshaf (sandar da inji ke juyawa) take kai tsaye, sai an auna bakinsa ko ya karkace, wannan kuma lissafin inji ne.